Yadda Ake Riƙon Furen Sikilamen a Zafin Accra da Kumasi

Sikilamen ba fure ba ne da ake cin karo da shi wajen kowane mai sayar da shuke-shuke a bakin titi. Wanda ya same shi, ko dai kyauta aka kawo masa, ko kuwa ya gan shi a shagon da ke shigo da furanni daga Turai, galibi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kyansa ya ja shi ya saya. Yana da kyan kuwa. Ganyensa fale-fale ne mai siffar zuciya, kore da zanen ruwan azurfa a kai, bayansa yakan yi ja-ja. Furen yana sunkuyar da kai ƙasa, amma fallayensa biyar sun juya sun miƙe sama kamar ɗaurin gwaggwaro, fari ko ja ko ruwan hoda. A 'yar takardar da ke soke cikin tukunyar za ka ga an rubuta Cyclamen persicum.

Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a kowane gida, a Nima ta Accra ne ko a Aboabo ta Kumasi. Makon farko yana ƙyalli a falo. Mako na biyu ganye ya fara rawaya, furanni su kwanta a bakin tukunya. Mai shi ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa, gobe ma ya ƙara. Kafin wata ya cika gindin ya yi laushi yana wari. Tun farko zafi ne ya kama shi, ruwan da aka yi ta ɗura masa kuma shi ya ƙarasa shi.

Kukan gidansu yake yi

Asalin wannan shuka tsaunukan gabashin Bahar Rum ne: kudancin Turkiyya, Siriya, Labanan, Falasɗinu, Jodan, tsibirin Saifurus da wasu tsibiran Girka, akwai ta kuma a Tunisiya da Aljeriya. A can da sanyi ake ruwan sama, bazara kuwa zafi ne da fari. Saboda haka shukar ta tsara rayuwarta a kan wannan: ta yi ganye da fure lokacin sanyi, da zafi ya shigo ta zubar da komai ta koma barci a cikin wani dunƙulen saiwa mai faɗi, kamar ƙaramin makani da aka danne. A cikin dunƙulen nan take ajiye abincinta. Daga samansa ganye da fure suke fitowa, daga ƙasansa saiwoyi.

Abin da take so da rana digiri 15 zuwa 18 ne, da dare kuma wajen 10 zuwa 13. Idan zafi ya haura 20 ya zauna a haka, sai ta ɗauka bazarar garinsu ce ta zo, ta fara tattara kayanta. To ka duba Accra: da rana tsakanin 27 ne da 33 gwargwadon wata, da dare kuwa da wuya ya sauka ƙasa da 22, ko a Yuli da Agusta da muke cewa gari ya yi sanyi. Kumasi ta fi ɗan sauƙi da asubar hunturu, amma hantsi na ɗagawa an koma sama da 30. Ko a kan dutsen Aburi, inda aka buɗe lambun gwamnati tun 1890, bambancin 'yan digirori ne kawai. Babu watan da garuruwan nan suke ba sikilamen abin da yake nema.

Gara a san wannan tun kafin a fitar da sidi. Wanda ba shi da ɗaki mai esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗauki sikilamen a matsayin baƙo na 'yan makonni, kamar damin furen biki da ya fi sauran daɗewa. Da kulawa yana iya kai wata guda. Wanda ke da ɗakin da esi ke aiki kullum, ko ofis, ko shago, zai iya cin moriyar furensa wata biyu zuwa uku, ya kuma tsallakar da dunƙulen zuwa baɗi. Mai neman furen da zai zauna a baranda ba wahala ya nemi Adenium ko Anthurium, su zafin nan nasu ne.

Wajen saye da ɗauko shi

Kada yawan furen da ya buɗe ya ruɗe ka. Sa yatsu biyu ka buɗa ganyen ka leƙa tsakiya. Abin nema shi ne ƙananan kawunan fure masu yawa da ba su buɗe ba, sun lanƙwashe a ƙarƙashin ganye kamar ƙugiya, domin su ne furannin makonni masu zuwa. Ganye ya kasance da ƙarfi, idan ka shafa ya dawo wurinsa. Ka taɓa saman dunƙulen inda ya leƙo daga ƙasa: ya zama da tauri kamar ɗanyen dankali. Duk wanda ka ga toka-tokan fumfuna a gindinsa, ko ganye mai rawaya fiye da ɗaya ko biyu, bar musu kayansu. Ka kuma tambaya kai tsaye: "Hajiya, yaushe wannan ya iso, a ina yake kwana?" Wanda ya yi kwana goma yana kwana a shagon da ake kashe esi da dare ya riga ya ci rabin kwanakinsa.

Kada a sa shi a but ɗin mota, kada kuma a bar shi a motar da aka kulle a rana, ko da na minti goma ne. A kwali ake ɗaukarsa, a inuwa. Ana isa gida a cire ledar da aka naɗe shi da ita, da takardar ƙyalƙyali da ke rufe gindin tukunya, domin ita ce ke toshe ramukan da ruwa ke fita. Wanda kuma ɗan'uwansa zai riƙo masa daga Jamus ko Holan ya sani cewa shigo da shuka mai rai Ghana yana bukatar takardar izini daga sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Noma, bisa dokar tsirrai da taki ta 2010.

Wurin zama

Sayi ƙaramin ma'aunin zafi ka ajiye a gefen tukunyar. Lambar da ke kan rimot ɗin esi abin da ka roƙa ne, ma'aunin shi ke faɗa maka abin da shukar ta samu. Yawancin esi ba sa sauka ƙasa da 16. Idan ka saita tsakanin 18 da 20, ma'aunin kuma ya nuna 20 ko 21 a wurin tukunyar, ka yi ƙoƙari. Amma kada iskar na'urar ta riƙa dukan ganyen kai tsaye, tana busar da gefensa ya yi ƙamas. A matsar da tukunyar kamar mita biyu, a gefe.

Sanyin dare ya fi na rana muhimmanci. Idan kuɗin wuta ba zai bari a kunna esi dare da rana ba, a zaɓi dare. Da safe a rufe ƙofar ɗakin, a saki labule ta ɓangaren da rana ke bugawa, a sauke tukunyar ƙasa kan tayil kusa da haske, tunda iska mai sanyi ƙasa take kwantawa. Matsalar ofis ke nan: ana kashe esi da yammacin Juma'a, ba a kunnawa sai safiyar Litinin, shukar ta yi kwana biyu da rabi a rufaffen ɗaki mai zafin 30 da wani abu. Sau biyu aka yi haka ta kwanta. Ranar da aka ɗauke wuta, dumso ya daɗe, a kai ta ɗakin da ya fi sanyi a gidan, wanda bangonsa ba ya shan ranar yamma, kuma kada a ba ta ruwa don tausayi matuƙar ƙasarta da danshi.

Fanka ba ta rage zafin ɗaki, iska kawai take motsawa. Duk da haka tana da amfani, domin iskar da ke yawo tana hana fumfuna zama. Firji kuwa ba mafita ba ne: duhu ne, raɓa na kwanciya a kan ganye, sanyinsa wajen digiri 4 ne, a fito da shuka daga nan zuwa zafin 30 kullum wahalar da ita ne kawai. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Akwai masu gwada dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana tumatir da ganye. Dabarar tana aiki ne inda iska ta bushe. A Accra, da iskar teku ke cike da laima, ruwan ba ya tashi da sauri, sanyin da ake samu kaɗan ne. Sai dai a tsakiyar hunturu, musamman a Kumasi, tana iya rage 'yan digirori.

Haske yake so sosai, amma ban da rana kai tsaye. A nan shawarar Turawa ta "ajiye a tagar arewa" ba ta zauna daidai ba, domin Accra tana kusa da tsakiyar duniya, digiri biyar da rabi kacal a arewa da layin da ya raba duniya biyu. Daga farkon Afrilu zuwa farkon Satumba rana ta arewacinmu take bi, sauran watanni kuma ta kudu. Ke nan daga Oktoba zuwa Maris, lokacin da galibi shukar ke da fure, tagar arewa ce mai inuwa, daga baya abin ya juya. Tagar gabas da siririn farin labule ta yi a kowane wata, muddin ranar da ta wuce ƙarfe takwas ba ta sauka a kan ganyen ba. Tagar yamma ita ce mafi muni. Idan ɗakin esin mai duhu ne, a rataya farin ƙwan LED kamar santimita 30 a samanta, awa 12 a rana. Alamar ƙarancin haske: karan ganye ya yi tsawo ya yi siriri yana faɗuwa, sababbin furanni su fito a koɗe. Duk bayan kwana uku a ɗan juya tukunyar don kada ta karkata gefe guda.

A nisanta ta da hayaƙi, na gawayi ne, na janareta, na turaren wuta ko na maganin sauro mai naɗi. Haka ma tiren nunanniyar ayaba da mangwaro: iskar da ke fita daga 'ya'yan itace masu nuna tana tsufar da fure da wuri.

Ban ruwa

A nan yawancin sikilamen suke mutuwa, don haka a bi a hankali. Saman dunƙulen yana da ɗan kwari a tsakiya, inda karan ganye da na fure suka cunkushe. Ruwan da ya kwanta a wurin ba ya bushewa da wuri, a zafin nan kuwa kwana biyu sun isa ruɓa ta kama. Shi ya sa ba a zuba masa ruwa ta ka.

Da farko a tabbatar yana bukata. Soka yatsa a gefen tukunya har gaɓar farko, wajen santimita biyu. Idan ka ji sanyin danshi, bari sai gobe. Hanya mafi inganci ita ce ɗaga tukunyar: ranar da ta sha ruwa ka ɗaga ka ji nauyinta, ka riƙa ɗagawa kullum, hannunka zai koyi ranar da ta yi sakayau. Babu ƙa'idar kwana kaza. A ɗakin esi, da ke busar da iska, yana iya zama duk kwana uku ko huɗu, da damina a ɗakin da ba esi yana iya kai mako.

Idan lokaci ya yi, zuba ruwa a roba mai faɗi, zurfin santimita biyu zuwa uku. Tsayar da tukunyar a ciki minti 15 zuwa 20. Ƙasar za ta ja ruwan ta ramukan gindi, za ka ga samanta ya fara duhu daga gefe. Ciro ta, ɗora a kan wani abu ta tsane minti goma, sannan a mayar kan busasshen faranti. Tukunya mai faɗin santimita 12 takan sha wajen rubu'in ledar fiya wata, kar a yi mamakin ƙarancinsa. Da safe ake yi, don kada ta kwana a jiƙe sharkaf. Kada a bar ruwa kwance a farantin, banda ruɓar saiwa ma gidan sauro ne.

Shayarwa ta ƙasa tana da illa guda: gishirin ruwa da na taki yana hawowa ya taru a sama, ka ga farin ɓawo a bakin tukunya. Sau ɗaya a wata a ɗauki buta, a ɗage ganyen da hannu, a bi gefen tukunyar da siririn ruwa har ya fito ta ƙasa sosai, ba tare da ya taɓa dunƙulen ba.

Ruwan sama ya fi kowane. Na famfo ya yi, idan ya kwana a buɗaɗɗen bokiti. Ruwan da ke ɗiga daga bayan esi ma yana da kyau, ba shi da gishiri, sai dai a tare shi a mazubi mai tsabta. Wanda za a yi hattara da shi shi ne na burtsatse, domin a unguwanni da dama na Accra yana da gishiri. Idan ka ɗanɗana ka ji shi, shukar ta fi ka ji. Ruwan tankin da ya wuni a rana a kan rufi a bar shi ya huce. Ƙanƙara a kan ƙasar tukunya kuma ba ta sanyaya shuka, narkewa take yi ta gangara daidai inda ba a so ruwa ya je. Fesa wa ganye ruwa, wanda ake yi a ƙasashen da iskar ɗaki ke bushewa, ba shi da wuri a nan. Laimar da muke da ita ta ishe shi har ta yi yawa.

Idan ka tarar ya yi yaushi, ɗaga tukunyar kafin ka taɓa buta. In ba nauyi, ƙasa ta bushe har ta janye daga bango, ƙishi ne: a tsoma shi minti 30, cikin awa biyu zai miƙe. In da nauyi, ƙasa a jiƙe, amma ganye a kwance, to zafi ne ko ruɓa. Danna dunƙulen. Mai tauri yana da sauran rai: a kai shi wuri mai sanyi, a hana shi ruwa har ƙasar ta sha iska. Wanda yatsa ya nutse a cikinsa, yana fitar da ruwa mai wari, ya tafi. A zubar da shi da ƙasarsa, a wanke tukunyar da ruwan bilic kafin a sa wani abu a ciki.

Tsinke matattu, da taki

Furen da ya gama da ganyen da ya yi rawaya ba a yanke su da almakashi. Guntun da almakashi ya bari yana ruɓewa ya kai cutar har cikin dunƙule. Bi karan da yatsu har gindinsa, riƙe shi gam, murɗa shi rabin zagaye, ka fizge da sauri. Zai fito gaba ɗaya da ɗan farin gindinsa, ya bar wuri mai tsabta. Ɗaya hannun ya danne dunƙulen kada ya tumɓuke. A yi haka duk kwana biyu, a kuma tsince fallayen furen da suka faɗa tsakanin ganye, domin a kansu fumfuna ke fara zama. A yi shi ranar da ba a ba da ruwa ba, don ciwon ya bushe.

Watan farko bayan saye ba ya bukatar taki, da guzurinsa ya zo. Bayan nan a ba shi na ruwa duk mako biyu ko uku, rabin ma'aunin da aka rubuta a kwalba. Irin wanda ake yi don tumatir ya fi dacewa, saboda sinadarin fotash ɗinsa ya fi yawa. Wanda ba shi da komai sai NPK 15-15-15 na gona ya jiƙa cokalin shayi ɗaya, shafaffe ba tsororo ba, a bokitin lita goma, ya kwana, a tace, a tsoma tukunyar a cikin kaɗan daga ciki, sauran a ba shukokin tsakar gida. Ban da yuriya, ban da kashin kaji, ban da barbaɗa ƙwayoyin taki kusa da dunƙule. Takin da ke sa ganye ya yi yawa yana ba da ganye mai taushi da ruɓa ke so, fure kuma ya ragu. Shukar da ke fama da zafi ko ta fara barci ba a ba ta taki sam.

Cututtuka da ƙwari

Fumfuna mai ruwan toka, wadda masana ke kira Botrytis, ita ce ta fi yawa a nan. Tana fitowa kamar gashin ɓera a gindin kara, a kan farin fure kuma ɗige-ɗige. A cire duk abin da ta taɓa, a buɗa tsakiyar shukar iska ta shiga, a kunna fanka a hankali daga nesa, a rage ruwa.

Akwai wani ƙwaro da ido ba ya ganinsa wanda har sunan shukar aka sa masa. Aikinsa ake gani: sababbin ganye su fito a murɗe, ƙanana, masu tauri, kawunan fure su ƙanƙance su ƙi buɗewa. Maganinsa a gida ɓata lokaci ne. A ƙulle shukar a leda a jefar, kafin ya tsallaka kan sauran. Kwarkwatar ganye da farin ƙwaron nan mai kama da auduga suna da sauƙi: rabin cokalin shayi na sabulun ruwa a lita ɗaya, a jiƙa auduga a goge su ɗaya bayan ɗaya, maimakon fesawa. Ƙananan baƙaƙen ƙudaje da ke tashi idan an taɓa tukunya kuwa shaida ce cewa ƙasar ba ta bushewa tsakanin shayarwa.

Shukar tana da guba, mafi yawa a dunƙulen. Kyanwa, kare ko yaron da ya tauna zai iya yin dalala, amai da gudawa, idan da yawa ne abin yana taɓa bugun zuciya, sai a garzaya asibiti. A gidan haya mai yara da yawa wannan ba ƙaramar magana ba ce, musamman lokacin da aka ciro dunƙulen aka ajiye, tunda kama yake da abin dafawa. A wanke hannu bayan an taɓa shi.

Barci, da tashinsa

Ko da an yi komai daidai, ranar na zuwa da sababbin furanni za su daina fitowa, ganye ya riƙa rawaya ɗaya bayan ɗaya daga waje zuwa ciki. Matuƙar dunƙulen da tauri, barci ne. Kada a yi jayayya da shi. A daina taki, a riƙa tsawaita tsakanin shayarwa har mako biyu ko uku, sannan a daina gaba ɗaya. Ganyen da bai bushe ba a bar shi, abincinsa yake mayarwa cikin dunƙule. Wanda ya bushe ƙamas a murɗe shi.

A kwantar da tukunyar a gefenta a wuri mai inuwa da iska a cikin ɗaki, inda ruwan sama da ɓera ba sa kaiwa, kuma inda mai share gida ba zai ga busasshiyar tukunya ya yi mata alheri da kofin ruwa ba. Ban da leda, ban da rufaffen kabad. Dunƙule mai barci yana jure zafi fiye da shuka mai ganye, don haka ba ya bukatar esi a wannan lokaci. Jiƙa ce ke kashe shi. Duk mako uku a danna shi. In ya fara yamutsewa, a zuba cokali biyu ko uku na ruwa a gefen tukunya. A laimar Accra sau da yawa ba a ma kai ga haka.

Barcin aƙalla wata biyu zuwa uku ne, kuma a nan kalandarmu ta ɗan yi mana gata. Wanda aka saya a Disamba yakan kwanta wajen Fabrairu ko Maris, daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. A tashe shi a ƙarshen Yuni, don sabon ganye ya fito cikin Yuli da Agusta, lokacin da gari ke lumshe, esi ma ba ya shan wahalar sauke ɗaki zuwa 20.

A zazzage tsohuwar ƙasar, a cire matattun saiwoyi da yatsa. Tukunya ta zama ta yumɓu in da hali, mai rami a ƙasa, wadda ta fi dunƙulen faɗi da santimita biyu kawai ta kowane gefe. Babbar tukunya tana riƙe ruwan da saiwa ba ta kai gare shi ba. Baƙar ƙasar da ake sayarwa a buhu a bakin titi ta yi nauyi, tana dunƙulewa kamar laka. A haɗa wannan: gwangwani biyu na niƙaƙƙen ɓawon kwakwa, gwangwani ɗaya na ruɓaɓɓen ganye da ya zama ƙasa, gwangwani ɗaya na yashin rafi mai tsakuwa ko ƙonannen ƙaiƙayin shinkafa, da ɗan dakakken gawayi cikin tafin hannu. Ɓawon kwakwar a jiƙa shi a tsiyaye sau uku kafin a yi amfani da shi, yana ɗauke da gishiri. Yashin bakin teku kuwa ko kusa. Takin ganyen a turara shi minti 30 a tsohuwar tukunya kamar dambu, a bar shi ya huce, don kashe ƙwari da ƙwayoyin cuta.

A dasa dunƙulen ɓangaren saiwa a ƙasa, ɓangaren da ke da ƙananan ƙulle-ƙulle a sama, a bar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabinsa a waje yana shan iska. Binne shi duka kuskure ne da ke jawo ruɓa. A tsoma tukunyar minti goma, a kai ta ɗaki mai sanyi da haske, kada a ƙara ruwa sai ƙasar ta kusa bushewa, domin dunƙulen da ba shi da ganye ba ya shan komai. Cikin mako biyu zuwa huɗu ƙananan ganye za su leƙo a naɗe, ja-ja. Idan sun kai biyar ko shida a fara taki. Fure yakan biyo bayan wata biyu ko uku, amma sai dare yana sanyi. Idan ma'aunin nan na gefen tukunya bai taɓa sauka ƙasa da 22 ba, za a samu ganye mai kyau, kawunan furen kuma su bushe tun suna ƙanana.

Ba a yanko reshensa a dasa, raba dunƙulen da wuƙa ma yawanci ruɓa yake haifarwa. Ta iri ake yaɗa shi. Ana jiƙa irin ya kwana, a rufe shi da ƙasa rabin santimita, a ajiye a duhu a sanyin digiri 15 zuwa 18, ya ɗauki wata guda ko fiye kafin ya tsiro. Sama da digiri 20 yawancinsa ba ya fitowa, kuma daga shuka zuwa furen farko ana bukatar wata takwas ko fiye na wannan sanyin ba yankewa.